OTAN: tarihin ƙawancen sojan da aka kafa domin tare gurguzu

OTAN, wadda masu amfani da Ingilishi ke kira NATO, ƙungiyar tsaro ce da ta haɗa ƙasashen Turai da na Arewacin Amurka. An kafa ta ranar 4 ga watan Afrilu 1949 a birnin Washington da ƙasashe 12. A yau mambobinta 32 ne, mazauninta kuma yana Bruxelles, babban birnin Beljiyam. Ta shafe shekara 40 tana shirin yaƙi da Tarayyar Sobiyet ba tare da sun taɓa gwabzawa ba. Duk yaƙe-yaƙen da ta yi sun zo ne bayan rushewar abokiyar gabar tata, kuma ɗaya daga cikinsu an yi shi a Libiya, maƙwabciyar Nijar ta arewa.

Tsoron da ya haife ta

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, Turai ta zama kufai. Amurka ta sallami mafi yawan sojojinta sun koma gida, yayin da na Staline suka ci gaba da zama daga Poland har tsakiyar Jamus. Ɗaya bayan ɗaya, ƙasashen gabashin Turai suka faɗa hannun jam'iyyun gurguzu. A yammaci ma jam'iyyun suna da ƙarfi: a zaɓen Nuwamba 1946 jam'iyyar kwaminis ta Faransa ce ta zo ta ɗaya da kusan kashi 28 cikin 100 na ƙuri'u. Da ita ne ƴan majalisar RDA na Afirka suka jingina a majalisar dokokin Paris har zuwa 1950.

Abubuwa biyu ne suka gaggauta lamarin a 1948. A watan Fabrairu ƴan gurguzu suka karɓe iko a Prague. A watan Yuni kuma Sobiyet ta toshe duk hanyoyin mota, na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga yammacin Berlin, har sai da Amurka da Ingila suka yi kusan shekara guda suna kai wa mazauna birnin gawayi da abinci ta jiragen sama. Tsakanin waɗannan biyun, a watan Maris, Ingila, Faransa, Beljiyam, Holand da Luxembourg suka ƙulla yarjejeniyar Bruxelles ta kare juna. Sai dai su biyar ɗin sun san ƙarfinsu bai kai ya tare tankokin Sobiyet ba in babu Amurka.

Shawo kan Amurka shi ne babban aiki, domin tun zamanin kafuwarta take gudun ɗaure kanta da ƙawancen soja da Turai a lokacin zaman lafiya. Majalisar dattawanta ta buɗe ƙofa a watan Yuni 1948 da ƙudurin sanata Vandenberg. Bayan tattaunawa ta watanni aka sa hannu. Ƙasashen da suka kafa ƙungiyar su ne biyar ɗin Bruxelles, da Amurka, Kanada, Italiya, Portugal, Norway, Danmak da Iceland, wadda ko rundunar soja ba ta da ita, amma tsibirinta na tsakiyar hanyar jiragen da ke ratsa tekun Atlantika.

Aya ta 5 da aya ta 6

Yarjejeniyar gajera ce, ayoyi 14 kacal. Wadda kowa ya sani ita ce ta 5: harin da aka kai wa mamba ɗaya a Turai ko Arewacin Amurka, an kai wa kowa ne. Amma wanda ya karanta ta da kyau zai ga kowace ƙasa ita ke zaɓar matakin da take ganin ya dace, ko na soja ko waninsa. Amurkawa ne suka nace a kan wannan sassauci, don kada wata takarda ta ƙwace wa majalisarsu ikon ayyana yaƙi.

Aya ta 6 ba a cika ambatonta ba, alhali ita ta shata iyakar yankin da alkawarin ya shafa, kuma a nan ne Afirka ta fara shiga labarin. Faransa ta matsa sai da aka saka yankunan Aljeriya da take ɗauka a matsayin ɓangaren ƙasarta. Sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, har da Nijar, ba su shiga ba. Tanadin na Aljeriya ya faɗi bayan ƙasar ta samu ƴancin kai a watan Yuli 1962.

Gabatarwar yarjejeniyar na maganar dimokuraɗiyya da ƴancin ɗan Adam, amma tun ranar farko akwai Portugal ta Salazar a ciki, mai mulkin kama-karya. Daga 1961 zuwa 1974 ƙasar ta yaƙi masu neman ƴanci a Angola, Mozambik da Gine-Bisau, kuma ƙungiyoyin gwagwarmaya irin PAIGC ta Amilcar Cabral sun sha zargin cewa makaman ƙawayenta na OTAN ne ke riƙe da ita. Baƙin jinin ƙungiyar a Afirka ya girmi yaƙin Libiya da shekaru masu yawa.

Daga takarda zuwa runduna

A 1949 OTAN alkawari ce kawai, ba ta da babban kwamanda ko hedikwatar soja. Gwajin bam ɗin nukiliya na farko da Sobiyet ta yi a watan Agusta 1949, da ɓarkewar yaƙin Koriya a Yuni 1950, su suka sauya haka. A Disamba 1950 aka naɗa Janar Eisenhower babban kwamandan dakarun ƙawance a Turai, ya kafa cibiyarsa kusa da Paris. A 1952 aka ƙirƙiro muƙamin babban magatakarda, Lord Ismay na Ingila ya fara riƙe shi. Tun daga lokacin al'adar ba ta canza ba: babban kwamanda Ba'amurke, babban magatakarda Bature. Ana danganta wa Ismay wata magana da ke cewa aikin ƙungiyar uku ne, ta hana Rashawa shiga, ta riƙe Amurkawa a ciki, ta danne Jamusawa.

Girka da Turkiyya sun shiga a 1952. Batun Jamus ya fi wuya, don Faransa ba ta manta mamayar da aka yi mata ba. Ita ta kawo shawarar kafa rundunar Turai da za a narkar da sojojin Jamus a cikinta, kuma majalisar dokokinta ce ta kashe shawarar ranar 30 ga Agusta 1954. A wannan shekarar Moscou ta nemi a karɓe ta cikin OTAN, aka ƙi. Jamus ta Yamma ta shiga a watan Mayu 1955, kuma ranar 14 ga watan Sobiyet ta mayar da martani da ƙawancen Varsovie, tare da ƙasashe bakwai na gabashin Turai. Turai ta rabu gida biyu, kowane ɓangare da makaman nukiliyarsa a girke. Yaƙin da ake tsoro bai auku ba. Babban farmakin da dakarun Varsovie suka kai tare, a kan mambarsu suka kai shi, Cekoslobakiya, a watan Agusta 1968.

Faransa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje

Janar de Gaulle bai taɓa yarda sojan Faransa ya zauna ƙarƙashin umarnin janar ɗin Amurka ba. A 1958 ya nemi a kafa jagorancin ƙasashe uku, Amurka, Ingila da Faransa, ba a biya masa buƙata ba. Ya ci gaba da gina nasa makamin nukiliya, wanda aka fara gwadawa a Reggane, cikin saharar Aljeriya, a watan Fabrairu 1960. A watan Maris 1966 ya sanar da ficewar Faransa daga rundunar haɗin gwiwa, ya ce sojojin waje su bar ƙasar. Faransa dai ba ta fita daga yarjejeniyar kanta ba. A 1967 mazaunin ƙungiyar ya koma Bruxelles, cibiyar soja kuma ta koma kusa da Mons. Ginin da ta bari a Paris shi ne ya zama jami'ar Dauphine. Sai a 2009, zamanin Nicolas Sarkozy, Faransa ta koma cikin rundunar. Shekara 10 bayan haka Emmanuel Macron ya ce ƙwaƙwalwar ƙungiyar ta mutu, abin da ya fusata sauran ƙawayen.

Bayan faɗuwar katangar Berlin

Katangar ta faɗi a Nuwamba 1989, ƙawancen Varsovie ya watse a Yuli 1991, Tarayyar Sobiyet ta bi shi a Disamba. Dalilin kafa OTAN ya kau, amma ba a rufe ta ba. Ta samu aiki a tsohuwar Yugoslabiya: a Fabrairu 1994 jiragenta suka kakkaɓo jiragen Sabiyawa huɗu a sararin Bosniya, wanda shi ne faɗanta na farko a tarihi. A 1999 ta yi kwana 78 tana ruwan bama-bamai a kan Sabiya saboda rikicin Kosovo, ba tare da izinin kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Sau ɗaya tak aka yi amfani da aya ta 5, bayan hare-haren 11 ga Satumba 2001. Ayar da aka rubuta don Amurka ta ceci Turai, Amurka ce ta fara cin moriyarta. Daga Agusta 2003 OTAN ta jagoranci dakarun ƙasa da ƙasa a Afganistan, waɗanda suka kai kimanin 130,000 a ganiyarsu. A watan Agusta 2021 suka fice, ƴan Taliban suka koma Kabul.

A ɗaya hannun ƙungiyar ta yi ta faɗaɗa zuwa gabas: Poland, Hungary da Jamhuriyar Cek a 1999, wasu bakwai a 2004, ciki har da ƙasashen Baltik uku da a da suke cikin Tarayyar Sobiyet. Rasha na cewa an yi wa Gorbatchev alkawari da baka a 1990 cewa ba za a yi haka ba. OTAN na cewa babu yarjejeniyar da ta ƙunshi hakan. A taron Bucarest na 2008 aka ce Ukraine da Jojiya za su zama mambobi wata rana, ba a sa lokaci ba. Mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine a Fabrairu 2022 ta tura Finland da Suwidin, waɗanda suka daɗe a matsayin ƴan ba-ruwanmu, suka shiga a 2023 da 2024.

Libiya, 2011

Ga mutanen Sahel, nan ne sunan OTAN ya shigo gida. Ranar 17 ga Maris 2011 kwamitin sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya haramta shawagin jirage a sararin Libiya ya kuma ba da izinin kare fararen hula. Ƙasashe 10 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, cikinsu har da na Afirka ukun da ke kwamitin a lokacin, Najeriya, Gabon da Afirka ta Kudu. Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil suka ƙaurace. Jiragen Faransa suka fara kai hari ranar 19 ga watan, OTAN ta karɓi jagoranci ranar 31. Cikin wata bakwai jiragenta suka tashi fiye da sau 26,000. Shirin sulhun da Tarayyar Afirka ta gabatar bai samu shiga ba. An kashe Mu'ammar Kaddafi kusa da Sirte ranar 20 ga Oktoba, bayan jiragen ƙawancen sun bugi ayarin motocinsa, kuma a ƙarshen watan OTAN ta tattara ta tafi.

Izinin na kare fararen hula ne, abin da ya biyo baya kuwa kifar da gwamnati ne, kuma ba a tanadi komai ba game da rumbunan makaman da suka zama babu mai tsaro. Shugaba Issoufou Mahamadou, wanda bai daɗe da hawa mulki ba, ya sha faɗa cewa ya gargaɗi shugabannin yammaci a taron G8 na Deauville, a watan Mayu 2011, cewa Libiya na iya zama wata Somaliya. A taron Dakar na Disamba 2014, Idriss Déby na Cadi ya yi musu gorin cewa sun sayar da kaya ba su dawo duba shi ba.

Dubun dubatan ƴan Nijar da ke ci-rani a Libiya suka dawo ta Dirkou da Agadez hannu rabbana, kuɗin da suke aikowa gida ya yanke. Mayaƙa da makamai suka ratsa hamada zuwa arewacin Mali, inda tawaye ya ɓarke a Janairu 2012. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadez da ma'aikatar uraniyum ta Arlit, hukumomin Yamai suka ce daga kudancin Libiya maharan suka fito. Rikicin Sahel yana da tushensa na cikin gida, tun daga tsofaffin tawaye har zuwa raunin gwamnatoci a yankunan karkara, amma rushewar Libiya ta zuba masa makamai da mayaƙa a lokaci guda.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a hira da kuma shafukan sada zumunta. Rundunonin Serval da Barkhane na Faransa ne, sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez na Amurka ne, kuma ƙarƙashin yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa suka zo, ba da tutar OTAN ba, ko da yake ƙasashen biyu mambobinta ne. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, na Amurka a Satumba 2024. A yankin Sahel, Moritaniya ce kaɗai ke da hulɗa a hukumance da ƙungiyar, ta hanyar dandalin tattaunawa da ƙasashen Bahar Rum.

Yadda take aiki a yau

OTAN ba ta da babbar runduna tata ta kanta. Ƙasashe ne ke ba da sojoji da kayan yaƙi idan an buƙata, kowace kuma ita ke ɗaukar nauyin nata. Ba a kaɗa ƙuri'a a majalisar ƙungiyar, sai kowa ya amince, shi ya sa Turkiyya da Hungary suka iya jinkirta shigar Suwidin kusan shekara biyu. Tsohuwar taƙaddamar ita ce ta kuɗi, don Amurka ita kaɗai ke kashe fiye da rabin abin da mambobin ke kashewa a kan tsaro. A 2014 aka tsayar da burin kowace ƙasa ta ware kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara. A taron La Haye na Yuni 2025, bisa matsin Donald Trump, aka ɗaga shi zuwa kashi 5 nan da 2035. Babban magatakardan yanzu shi ne Mark Rutte, tsohon firaministan Holand, wanda ya kama aiki ranar 1 ga Oktoba 2024.