Daga littafin haraji zuwa kwamfuta

Tsofaffinmu a Tasawa ba sa sakin jiki da mai littafi da alƙalami in ya tambayi yawan iyali, kuma ban ga laifinsu ba. A zamanin Faransa ƙidaya ƙofar haraji ce, ana bin mutane kai da kai.

Bayan farin 1973 wani irin lissafi ya shigo. Claude Raynaut da abokan bincikensa daga Bordo suka zauna a ƙauyukan jihar Maraɗi, har da ƙauyen Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, suna bin gona bayan gona: wace ce gandu, wace ce gamana, wa ya sayar da hatsinsa tun kaka saboda bashi. Aikin ƙafa ne da takarda, amma shi ya nuna cewa gida ba aljihu ɗaya ba ne.

A 2008 Mehdi Saqalli ya kammala digirinsa a Beljiyam da wata manhaja, SimSahel, wadda ya gina kan yankunan Gabi da Zarmu da Fakara. A cikinta kowane ɗan ƙauye yana da rayuwarsa: a haife shi, ya yi aure, ya ci gado, ya tafi cirani.

Ƙauye guda bai fi ƙarfin kwamfuta guda ba. To, ƙasar Tasawa da ta Mayahi fa, da ƙidayar 2012 ta ba kowaccensu sama da mutum rabin miliyan? Dole a raba jama'ar ga injuna da yawa, kamar gayya. Sai dai tun 1967 masanin kwamfuta Gene Amdahl ya ja kunne: in kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko injuna dubu aka tara saurin ba zai wuce ninki 20 ba.

Mutanenmu kuwa ba sa zama inda aka aje su. Saurayi ya yi damina a gida, rani a Kano ko Agadas, amarya kuma daga Mayahi. Duk motsi saƙo ne tsakanin inji da inji, kowa ya dakata sai saƙon ya iso. Injin da aka ɗora wa garin Tasawa yana nishi, wanda ya samu rugage yana zaman banza.

Saboda haka mai son sanin tsawon lokacin da irin wannan lissafi zai ci, kada ya tsaya ga ƙidayar kawuna. Ya fara ƙidaya tafiye-tafiyen cirani, aure da cin kasuwa.