TURKE, GONA DA LAMBU: WAIWAYE KAN TARIHIN NOMAN IYAYENMU

Sanin kowa ne cewa karkarar Kano, wadda garinmu ke cikinta, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar Hausa tun zamanin zamunna. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma ya yaba da albarkar ƙasar da yawan ƙauyukanta. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ta ciyar da kaka da jika ba ta mutu ba, alhali ba a san takin zamani ba? Amsar tana turken bayan ɗaki.

A tsarin iyayenmu, da zarar shuka ta fito sai a ɗaure tumaki da awaki a gida. Yara su yi sammako su yanko ciyawa, mata su ba da dusa da ruwan tsari da 'yar kanwa. Galibin ƙananan dabbobi na mata ne, su ne asusunsu na biki da suna da kayan ɗakin 'ya'ya, amma takin na maigida ne, domin shi ke kawo harawa. Idan kaka ta yi, sai a naɗe harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa itace ko rufin soro, a tara karan dawa, sannan a saki dabbobi su yi kala. Mai hali yakan gayyato Fulani su sauka a gonarsa, ya ba su damin hatsi, shanunsu su bar masa taki. Da bazara kuwa jakuna ne ke jigila da mangala, ana zuba taki tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Ƙauyukan da ke kusa da birni har shara da tokar birnin suke ɗebowa, bayan sun kai itacen wuta sun sayar. Hatta gawo ba a sare shi, domin yana kaɗe ganye da damina, bai hana shuka rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabba ne.

Lambu shi ne ƙafa ta uku ta murhun. A bakin fadama akan haƙa rijiya, a kafa jigo, mutum ya wuni yana jan guga yana kora ruwa fangali-fangali, ya sami albasa da alkama da barkono a lokacin da gonar tudu ke barci. Shi ma lambun da takin turke yake rayuwa, ciyawarsa kuma turken take komawa.

Wannan tsari ya sha gwaji. Wajen 1891 annobar bushiya ta kashe shanu ba adadi, har Fulani da yawa suka wayi gari ba ko saniya guda, amma cutar ba ta yi wa awaki da tumaki irin wannan ɓarna ba, sai talaka ya dogara da su. Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya buɗe kasuwar gyaɗa, wadda ta kawo kuɗin haraji, ta kuma ƙara yawan harawa. Daga 1928 ma'aikatan gona na Turawa suka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, da dawowar bushiya a 1983, duk sun girgiza gidaje. A kowane karo, akuyar da aka kai kasuwa ce ta sayo hatsin da ya kai iyali ga kaka. Sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Abin da fari bai rushe ba, sauƙi ya sassauta shi. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 takin zamani mai rahusa ya wadata, wasu suka ga ɗaukar mangala wahala ce. Injin ban ruwa ya ture jigo, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990. Babu mai musun amfanin waɗannan abubuwa, sai dai takin buhu shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa yadda na turke ke yi. Da rahusa ta janye, buhu ya fi ƙarfin talaka, sai aka waiwaya aka tarar turke ya rame, gonar gado an rarraba ta, wata ma an yanka ta filoti an sayar.

'Yan uwa mazauna birane, a nan ne namu ya shigo. Muna aika kuɗin taki kowace damina, kuma Allah ya saka da alheri, amma kuɗin shekara guda yake yi ya ƙare. Tunkiya biyu da aka bai wa gwaggo ko ƙane kiwo, bisa tsohuwar al'adarmu ta raba 'ya'ya, za su ba da taki bana, su ba da baɗi, su kuma ba da ragon layya. Haka nan, kafin ɗayanmu ya sayar da kasonsa na gado, ya fara tuntuɓar ɗan uwan da ke noma shi. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawarar ta sa allurar rigakafin dabbobi da dashen gawo cikin ayyukanta na shekara, kusa da gyaran makaranta da asibiti.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, amin.