Mai Wurno: Garin 'Yan Hijira a Bakin Shuɗin Nilu

Idan ka bar Sinnar ka yi kudu, kogin Shuɗin Nilu na hagunka, ba za ka yi nisa ba sai ka iso Mai Wurno. Sunan mutum ne ya zama sunan gari. Muhammadu Bello Mai Wurno ɗa ne ga Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda sojojin Ingila suka kashe a Burmi a watan Yulin 1903, bayan ya bar Sakkwato da jama'arsa da niyyar hijira zuwa gabas. Ɗan ya tsira, ya ja ragowar mutanen, mata da yara da tsofaffi, suka ratsa Wadai da Darfur da Kordofan a ƙasa. Da suka iso kogin sai suka sauka a ƙauyen Shaihu Talha, daga bisani suka haye gaɓar yamma suka kafa nasu garin wajen 1906.

Makka suka nufa, amma noma ya zaunar da su. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, sai mahajjata daga Kano da Katsina da Borno suka riƙa yada zango a nan don neman guzuri. Wani ya ce damina ɗaya zai yi, ga jikokinsa nan har yau. Mai Wurno ya rasu a 1944, sarautar garin kuma ta ci gaba a gidansa.

Fulatanci da Hausa da Larabci duk ana jin su a kasuwar garin. Ga kisra, ga tuwo, ga mai agashe yana barbaɗa ƙuli da yaji a kan nama, sana'ar da Hausawa suka koya wa Sudan baki ɗaya.

Malamin da ya fi ba wannan tarihi rayuwarsa shi ne Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum. Ya bi ƙauyukan nan, ya zauna gaban dattawa yana sauraron yadda Larabci ke shiga bakin jikokinsu. A 1986 ya fitar da littafi kan Fulatancin Sudan, a 1999 kuma kan Hausar Sudan. Abin da ke damuna shi ne a makarantunmu labarin Attahiru a Burmi yake tsayawa, kamar babu wanda ya wuce Burmi da rai. Ɗaliban tarihi a Sakkwato da Kano ya kamata su san cewa wani reshen gidan Sarkin Musulmi yana zaune a bakin Nilu fiye da shekara 100.