Ƙungiyoyin Sa-kai da Kafofin Sada Zumunta a Yankin Kudan, Maƙarfi da Ikara

Ƙungiyoyin sa-kai su ne waɗanda ake kafawa domin hidimar jama'a ba domin riba ba. A ƙananan hukumomin Kudan, Maƙarfi da Ikara da ke ƙasar Zazzau, a arewacin Jihar Kaduna, sun haɗa da ƙungiyoyin cigaban gari, na tsofaffin ɗalibai, na manoman rake da tumatur, da kuma na addini. Sun daɗe da samuwa kafin zuwan wayar hannu, kuma hanyar isar da saƙonsu ta yi ta sauyawa da zamani.

A da, aikin gayya da mai shela ake kiransa. Ya zaga unguwanni da yamma, ko liman ya sanar bayan sallar Juma'a, washegari a fito da fartanya da kwando a cike ramin hanya. Da aka kafa manyan ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam a 1962, da Izala a 1978, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, sai ga 'yan agaji, ga lasifika, ga kaset. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ne ke kai sanarwa inda ƙafa ba ta kai ba.

Wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001. Tun ba a je ko'ina ba aka ga cewa saurin yaɗuwar magana ba kullum yake zama alheri ba: a 2003 jita-jita kan rigakafin shan inna ta sa aka dakatar da aikin a wasu jihohin Arewa, kuma Kano ba ta koma ba sai a 2004. Masu aikin lafiya sun ɗauki darasi, suka riƙa bi ta hannun sarakuna da malamai. A 2014 Asusun UNICEF ya kawo tsarin U-Report, inda matasa ke amsa tambayoyi ta saƙon tes kyauta.

Abin da ya nuna wa ƙungiyoyin Arewa ƙarfin Twitter da Facebook shi ne lamarin Bagega a Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara tun daga 2010, an yi alkawarin kuɗin tsabtace garin, shiru. A 2012 Hamzat Lawal da abokansa na shirin Follow The Money suka tayar da gangamin #SaveBagega, kuma a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin. Bayan shekara ɗaya aka yi #BringBackOurGirls kan 'yan matan Chibok 276.

Wannan salo ya iso Kudan kai-tsaye. Daga 2017 ƙungiyar Connected Development, uwar shirin Follow The Money, da tallafin Gidauniyar MacArthur ta Amurka, ta shiga bin diddigin kuɗin ilimin bai-ɗaya a Jihar Kaduna, kuma Kudan na cikin ƙananan hukumomin da aka zaɓa, tare da Jema'a, Kajuru da Zangon Kataf. Aikin ba shi da wani siddabaru. A samo takardar kwangila daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar (SUBEB), a nuna wa 'yan kwamitin makaranta ajujuwa nawa da kujeru nawa aka rubuta, su kuma su je su duba. In ɗan kwangila ya kafa tubali uku ya ɓace, ko ya sa kwanon rufi mara kauri, sai a ɗauki hoto da waya a tura. Hoton nan shi ne sabon abu a tarihin. Ƙorafin baki ana iya musanta shi a ofis, amma bangon da ba a yi wa yaɓe ba, ga shi kowa na gani, sai dai a nemi uzuri.

Duk da haka, kada a ɗauka Twitter ce ke tafiyar da harkar yau da kullum a garuruwan Kudan irin su Hunƙuyi ko Likoro. WhatsApp ne, musamman tun da ya kawo saƙon murya a 2013, wanda ya ba wanda bai yi boko ba damar sa baki. A zauren WhatsApp na 'yan gari ake sanar da rasuwa, a haɗa kuɗin asibiti, a yi karo-karon gyaran famfon burtsatse ko katange maƙabarta. 'Yan garin da ke aiki a Zariya, Abuja ko Legas su tura nasu ta asusun banki, ma'aji ya sa hoton rasit a zaure. Lokacin azumi abin ya fi zafi, saboda ciyarwa da kayan sallar marayu. Zaurukan da suka ɗore, galibi waɗanda ke da dattawan da aka sani ido da ido ne a bayansu.

Matsaloli ma suna nan. Akwai masu damfara da hoton mara lafiyan da ba su taɓa gani ba, akwai tsadar data da rashin wutar caji, kuma mata da yawa ba su da wayar kansu, sai ta miji ko ta ɗa. Lokacin zaɓe kuwa zauren taimako kan rikiɗe ya koma fagen siyasa (a nan ne ƙungiyoyi da dama ke darewa biyu). Cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana sa ido kan kalaman ƙiyayya a waɗannan kafofi. Sannan hanyar kanta ba a hannun ƙungiyoyin take ba. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, ba a maido da su ba sai a ƙarshen Nuwamba.