Bankwana da 'Yanmatanci: Tarihin Liyafar da Kakanni Ba Su Sani Ba

A kowane ƙarshen mako, titin Broadway da ke tsakiyar birnin Nashville a Amurka yakan cika da ayarin 'yanmata sanye da riguna iri ɗaya, guda daga cikinsu da farin mayafi. Ita ce amarya, sauran kuwa ƙawayenta ne da suka haɗa kuɗi domin ta yi bankwana da 'yanmatanci. Amurkawa suna kiran wannan liyafa "bachelorette party", mutanen Birtaniya kuma suna ce mata bikin kaji. Wanda ya ga irin muhimmancin da ake ba ta zai ɗauka gadon kaka da kakanni ce, alhali yawancin kakannin waɗannan 'yanmata ba su taɓa yin ta ba.

Maza ne suka riga. Tun a ƙarni na 19 abokan ango sukan shirya masa walimar dare kafin ɗaurin aure, kuma ba a san ta da kamun kai ba. A Disamban 1896, Herbert Barnum Seeley, jikan shahararren mai gidan wasannin nan P. T. Barnum, ya shirya wa ɗan'uwansa irin wannan walima a gidan cin abinci na Sherry's da ke New York. 'Yan sanda suka kai samame bisa raɗe-raɗin cewa wata mai rawa da ake wa laƙabi da Little Egypt za ta yi rawa tsirara, jaridu kuma suka kwashe makonni suna yayata zancen.

A daidai wannan zamani, abin da aka tanadar wa amarya shi ne zaman ba da kyaututtuka, wanda ya fara yaɗuwa a Amurka a shekarun 1890. Da rana ake yin sa, a cikin gida, iyaye mata da gwaggonni suna zaune, ana miƙa mata tukwane da zannuwan gado. Saƙon a fili yake: ango yana da 'yancin da zai yi bankwana da shi, ita kuwa aiki ne ke jiran ta.

Abin da ya sauya wannan lissafi shi ne shekaru da kuɗi. A 1960, rabin matan Amurka da ke auren fari ba su wuce shekara 20 ba. A shekarar ce hukumomi suka amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki. A 1974 aka kafa dokar da ta hana bankuna nuna bambanci wajen ba da bashi saboda jinsi ko aure, mace ta samu damar riƙe katin bashi da sunanta ba tare da sa hannun miji ba. Zuwa 2020, matsakaicin shekarun auren fari na mace ya kai 28. Wadda ta yi shekaru tana karɓar albashi, tana biyan hayar ɗakinta, ita ma ta samu rayuwar da za ta yi wa bankwana.

'Yan kasuwa ba su yi barci ba. A 1979, Steve Banerjee, ɗan asalin Indiya, ya fara wasan Chippendales a Los Angeles, inda maza ke rawa, mata na kallo. Wuraren irin wannan suka zama matattarar ƙawayen amare. Beth Montemurro, masaniyar zamantakewa da ta wallafa littafi kan batun a 2006, ta nuna cewa sai a shekarun 1980 da 1990 liyafar ta zama ruwan dare.

Jinkirin aure ya haifar da wani sauyin. Ƙawayen mace mai shekara 28 sun warwatsu: ta makaranta tana wannan jiha, ta wurin aiki tana waccan. Da yake zumunta a ƙafa take, dole wasu su hau jirgi, kuma tunda an hau jirgi, sai dare ɗaya ya koma kwana uku a Las Vegas ko Miami ko Nashville. A Turai, bayan an kammala buɗe kasuwar jiragen sama a 1997, kamfanoni irin su Ryanair da easyJet suka sa tafiya daga Ingila zuwa Prague ko Amsterdam ta yi arha. Zuwan Instagram a 2010 ya ƙara nauyi, domin yanzu liyafar tana da 'yan kallo.

Biranen da suka ci ribar sun fara kokawa. A 2021 majalisar birnin Nashville ta kafa ƙa'idoji ga motocin shaƙatawa masu yawo da fasinjoji suna shaye-shaye. A 2023 Amsterdam ta fitar da tallan da ke ce wa samarin Birtaniya masu zuwa sharholiya su yi zamansu a gida. A 2024 Prague ta haramta wa kamfanoni zagayawa da baƙi mashaya-mashaya da dare.

Amma nauyi mafi girma yana kan ƙawaye. Bisa al'ada, babbar ƙawa ce ke shiryawa, sauran su raba kuɗin, har da kason amarya: tikitin jirgi, masauki, abinci, riguna, ga kuma gudummawar biki a gaba. A ayari guda ana iya samun lauya da malamar firamare da mai bashin karatu a wuya, kowacce kuma tana jin nauyin cewa ba za ta iya ba. Shi ya sa masu ba da shawara kan shirin aure suke cewa a tambayi kowace ƙawa a asirce abin da za ta iya bayarwa kafin a zaɓi gari, daidai ruwa daidai tsaki.

Liyafar ta samo asali ne daga ranar da mata suka mallaki kuɗinsu da lokacinsu. Idan ta kai ga ƙawa ta ci bashi don kada a ce ba ta da kara, to an mayar da 'yancin da aka fito murnarsa wani sabon tilas.