Edita da Gadonsa a Tarihin Labarin Zane na Kamaru: Duba Daga Garwa

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da labarin zane a wannan takarda shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana da hannu, maganar kowane mutum tana rubuce kusa da bakinsa. Mai karatu yakan riƙe sunan tauraron labarin, wani lokaci har da na mai zanen. Da wuya ya tambayi wane ne edita, alhali kuwa shi ne mai zaɓen harshe, shi ke nemo kuɗin ɗab'i, shi hukuma ke kamawa idan zane ya ɓata wa manya rai. Za mu dubi editoci iri biyu da abin da kowannensu ya bari.

2.0 Edita daga nesa

A 1966 aka fara buga mujallar yara mai suna Kouakou a birnin Faris, da kuɗin ma'aikatar Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen da ta raina. Ana rarraba ta a makarantun ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da Kamaru. Tauraronta yaro ne baƙar fata mai wayo, amma Faransawa ne suka riƙa zana shi, Jean-Claude Morchoisne da farko, daga baya Bernard Dufossé.

Ya kamata a lura da lokacin. Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, shi ne shugaban ƙasa daga 1960 zuwa 1982. A 1962 ya kafa dokar hukunta abin da ake kira yi wa gwamnati zagon ƙasa, a 1966 kuma aka yi dokar da ta wajabta a kai wa hukuma jarida ta duba kafin a sayar. A irin wannan hali, labarin yaro mai shiga daji ya fito lafiya bai dami kowa ba. Ɗan makaranta a Garwa ko Marwa, wanda Fulatanci ko Hausa yake yi a gida da kasuwa, ya sami abin karantawa mai daɗi, kuma babu shakka ya ƙaru da Faransanci. To amma da tallafin ya yanke, mujallar ta tsaya a 1998. A ganina rauninta ke nan: shekara 32 tana renon masu karatu, ragamarta kuwa ba ta taɓa barin Faris ba.

3.0 Edita mai shiga kurkuku

Pius Njawé ya kafa jaridar Le Messager a Bafusam a 1979 yana ɗan shekara 22. A 1993 ya buɗe wa masu zanensa, a ƙarƙashin Nyemb Popoli, wata jarida ta daban a Duwala, Le Messager Popoli, wadda ke ba da labarin siyasa cikin zanen barkwanci. Wannan ya zo ne bayan dokokin Disamba 1990 da suka sassauta harkar jarida da jam'iyyu.

A nan ne shugabancinsa ya fito fili. An soke duba jarida kafin sayarwa a 1996, amma a wannan shekarar ce kotu ta yanke wa Njawé ɗaurin wata 6 saboda abin da jaridar zanen ta buga game da shugaban ƙasa Paul Biya. Ba shi ya riƙe alƙalamin ba, sunansa ne dai a goshin jaridar. A ƙarshen 1997 aka sake kama shi kan wani labari game da lafiyar Biya, ya yi wata 10 a kurkukun New Bell. Mai zane da ya san akwai wanda zai tsaya a gaban alƙali dominsa, hannunsa ba ya rawa. A 2003 masu zanen suka ware, suka ci gaba da sunan Le Popoli. Wasu na iya kallon wannan a matsayin ɓaraka. Ni ina ganin shi ne gadon, domin almajiran sun iya riƙe jarida ba tare da malamin ba. Njawé ya rasu a haɗarin mota a Amurka a watan Yuli na 2010.

4.0 Batun harshe

Duk da haka, barkwancin Popoli da Faransancin titunan Duwala aka ƙulla shi, wanda kunnen mutumin Garwa bai saba da shi ba. Ɗalibin Hausa zai tuna cewa a Zariya an bi wata hanya. Da Rupert East ya shirya fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam aka ɗora a kujerar edita, aka yi ta da harshen masu karatunta. Kamaru ba ta ba harsunan arewa wannan gurbi ba, don Faransanci da Ingilishi kaɗai ta ɗauka a matsayin harsunan hukuma. Ko bikin labarin zane na Mboa BD, da aka fara a 2010, a Yawunde aka kafa shi, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Garwa ta hanya.