Kaki da Takalmin Sojan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Sa'ad da Birtaniya ta shiga yaƙi a watan Agustan 1914, sojojinta na dindindin kusan 250,000 ne, kuma ma'aikatar ɗinki ta gwamnati da ke Pimlico a Landan, da wasu 'yan kwangila, su ke tufatar da su. Da sakataren yaƙi Kitchener ya nemi 'yan sa-kai, sai fiye da 750,000 suka ba da sunayensu kafin ƙarshen Satumba. Mutane sun samu, tufafin ne babu. An daɗe ana koya wa kurata fareti cikin kayansu na gida.

Babbar matsalar ita ce rini. Yawancin sinadaran rinin da masaƙun Yorkshire ke aiki da su daga Jamus ake sayo su, wato daga hannun abokiyar gaba. Dole aka koma ga shuɗin yadi irin na ma'aikatan gidan waya, aka ɗinka wa kurata kayan wucin gadi. Sojojin ba su so shi ba, don a idon jama'a ba a ɗaukarsu cikakkun soja sai da kaki. A 1915 gwamnati ta sa kuɗinta aka kafa kamfanin British Dyes don a riƙa haɗa rinin a gida. A 1916 kuwa ta saye duk ulun da tumakin ƙasar suka bayar, daga baya ta haɗa da na Ostireliya da New Zealand. Ƙasar da ta yi suna wajen sakar wa 'yan kasuwa mara, yaƙi ya mai da gwamnatinta babbar dillaliyar ulu.

Ta fannin takalmi an fi samun sauƙi, domin garin Northampton da kewayensa sun gaji sana'ar tun ƙarnoni. Masana'antunsu sun fitar da miliyoyin takalman fata masu ƙusoshi a tafi, har da na sojojin Faransa, Rasha, Italiya da Sabiya. Mata da yawa sun maye gurbin mazan da suka tafi fagen fama.

Ƙarkon takalmin bai hana ruwan ramukan yaƙi shiga ba. Dubban sojoji sun kwanta da ruɓewar ƙafa a hunturun farko, har aka wajabta wa hafsoshi duba ƙafafun mutanensu, da tabbatar da sun shafa mai sun kuma sauya safa busasshiya.